Atina ko Atine? Hukuncin kiran 'ya da sunan abar bautar Girkawa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, wata huɗu da suka wuce Allah ya azurta mu da 'ya mace, ranar Litinin. Ranar suna aka raɗa mata sunan mahaifiyata. To ka san ba dama a riƙa kiran sunan gatsau a cikin gida, sai maiɗakina ta shiga intanet ta samo wanda za a riƙa kiranta da shi, wato Athena. Ta ce ma'anarsa hikima, kuma ba kowa ke da shi ba. Ni ma ya yi mini daɗi a kunne, na amince. Hajiya kuwa da ta ji, sai ta ɗauka Atine muke cewa tunda ranar Litinin aka haife ta, har yau Atine take kiranta. Kwanan nan wani abokin aikina ya ce mini sunan gunkin Girkawa ne. Da na yi wa maiɗakina maganar sai ranta ya ɓaci. Ta ce ai tatsuniya ce kawai, ba wanda ke bauta wa wannan abu yanzu, mu ma'anar muka nufa, kuma ba shi ne sunan yanka ba. Malam, mene ne asalin sunan nan? Mun yi laifi? Dole ne mu canza?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya raya ta bisa sunna, ya sa ta ɗauko halin mai sunan, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Ɗan'uwa, abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Athena, ko Atina yadda bakinmu ya fi iya furtawa, sunan wata abar bauta ce ta tsofaffin Girkawa. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne bai halatta Musulmin da ya san haka ya zaɓa wa 'yarsa shi ba, na yanka ne ko na kira. Ku sauke shi. Sai dai kada ka ɗora wa kanka ko maiɗakinka nauyin da Allah bai ɗora muku ba. Ba ku yi shirka ba, kuma ba ku da zunubi a kan watannin da suka wuce cikin rashin sani. A cikin ayar da ta yi maganar kiran 'ya'ya da sunan iyayensu ne ma, a Suratul Ahzab, Allah ya ce babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi bisa kuskure, sai abin da zukatanku suka yi da gangan. Hujjojin maiɗakinka kuma ba na yarwa ba ne, sun cancanci a ba su amsa, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Ma'anar ce ta ja hankalinku, bari mu fara da ita. Atina ba ta nufin hikima a Girkanci. Kalmarsu ta hikima ita ce sofiya. Daga ita aka ƙera filosofiya, son hikima, wadda Larabawa suka mayar falsafa, kuma ita ce a cikin sunan Aya Sofiya na Istanbul. Suna da wata kalmar, metis, mai nufin dabara da wayo. Atina ba ta fito daga ko ɗaya ba. Masana harshen sun haƙa sun haƙa ba su samu saiwarta a cikin Girkanci ba, shi ya sa mafi yawansu suka tafi a kan cewa ta girmi Girkanci a ƙasar, gado ce daga harshen mutanen da Girkawa suka tarar. Su kansu Girkawan lalube suke yi. Aflatun, masanin falsafarsu, sama da shekara 2300 da suka wuce, ya fasa kalmar gida biyu ya ce wataƙila “hankalin ubangiji” ake nufi, masanan yau kuwa sun ɗauki wannan a matsayin kirdado, irin na masu cewa Hausa daga “hau sa” ta samo asali. Wuri mafi daɗewa da aka ga sunan a rubuce wani ɗan allon yumɓu ne da aka tono a Kunosos, a tsibirin Kirit, wanda ya haura shekara 3000. Sai a 1952 aka iya warware irin rubutun da ke jikinsa. Da aka karanta, sai ga “Uwargijiya Atana” a jere da sunayen wasu ababen bautarsu. Ka ga tun ranar da sunan ya fara bayyana a tarihi, a sahun gumaka ya bayyana.

To daga ina hikimar ta fito? Daga muƙamin da suka ba ta. Girkawa sun raba wa ababen bautarsu ayyuka kamar yadda sarki ke raba sarautu: wannan na teku, wancan na ƙira, waccan ta farauta. Atina aka ba hikima da dabarun yaƙi da saƙa. Shafukan sunayen jarirai sai su gutsure rabin jimlar su miƙa wa mai nema, su rubuta “hikima”, alhali cikakkiyar jimlar ita ce “wadda ake roƙo ta ba da hikima”. Wasu masu fassara kan ce “allahiyar hikima”. Kalma ce da ba na so bakina ya saba da ita.

Ga yadda suka ba da labarin haihuwarta. Wani mawaƙinsu, Hesiyod, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce babban abin bautarsu, Ziyus, ya auri Metis, wato Dabara. Da ta yi ciki sai aka gargaɗe shi cewa daga tsatsonta za a samu ɗan da zai ƙwace masa mulki, shi kuwa ya yaudare ta ya haɗiye ta da cikinta. Bayan wani lokaci 'yar ta fito ta ƙoƙon kansa. Mawaƙan da suka biyo baya suka ƙara gishiri, suka ce maƙerin gumakan ne ya sara kan da gatari, ta diro da girmanta, da sulke da mashi, tana kururuwar yaƙi. Subhanallah. Wato asalin darajarta a wurinsu ita ce wai 'yar ubangiji ce, ubangijin da ke aure, yake tsoron juyin mulki, yake haihuwa ta ka. Yaron da ya kai “lam yalid wa lam yulad” a allonsa ya san inda wannan magana ta dosa.

Maiɗakinka ta ce tatsuniya ce. A kunnenmu haka take, amma mu auna da tamu tatsuniyar. Mun tashi da Gizo da Ƙoƙi, ana gamawa a ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Ba wanda ya taɓa gina wa Ƙoƙi ɗaki, ba wanda ya yanka mata ko da kaza. Atina kuwa an gina mata. A kan dutsen da ke tsakiyar babban birnin Girka har yau ga Partenon, ɗakin bautarta, nan tsaye, wanda aka fara ginawa a 447 aka gama a 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikinsa aka kafa gunkinta na zinariya da hauren giwa, tsayinsa ya doshi mita 12. Kowace shekara ana yi mata biki, duk bayan shekara huɗu a yi babba. 'Yan matan gari da matansa su saƙa riga, a ɗauko ta cikin jerin gwano a tufatar da wani tsohon gunkinta na itacen zaitun, a yanka shanu a raba nama. Kuɗinsu ma kanta ne a fuska ɗaya, a ɗayar kuma mujiya, tsuntsuwarta. Mu mujiya ba ta da farin jini a wurinmu, ko da yake Annabi (SAW) ya kore camfin da ake yi da ita, amma su alamar basira suka ɗauke ta. Kuma ba da wasa suka riƙi abin ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka yanke wa Suƙurat, masanin falsafa, hukuncin kisa, suka ba shi guba ya sha, cikin tuhumar har da cewa bai yarda da ababen bautar garin ba. Mutane ba sa kashe malaminsu a kan tatsuniya.

Akwai wani abu da nake so ka tsaya a kansa, domin shi ya kawo maganar har ƙofar gidanmu. A hamadar Sham akwai tsohon birnin Tadmur, inda mutanensa, da yawansu Larabawa, suke bauta wa Lata, wannan dai Latar da Alƙur'ani ya ambata. Da al'adun Girka suka mamaye yankin, sai suka riƙa sassaƙa Lata da kamannin Atina, da kwalkwali da mashi da garkuwa. A shekarun 1970 masu tonon kayan tarihi sun tono irin wannan gunki a cikin ɗakin bautar Lata na Tadmur. Sarauniyar birnin, Zanubiya, wadda Rumawa suka ci da yaƙi a 272 miladiyya, tana da ɗa mai suna Wahbul Lat, wato kyautar Lata, kamar yadda mu za mu ce Hibatullah. Da aka zo rubuta sunansa da Girkanci sai aka rubuta Atenodoros, kyautar Atina. Ban ce asalin gumakan biyu ɗaya ba ne. Abin da na ce shi ne, masu bauta musu da kansu, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), da aka ce su fassara Lata, Atina suka ce.

Ita kuwa Lata ka san abin da Allah ya ce a kanta a Suratun Najm. Ya ambace ta tare da Uzza da Manata, ya tambayi mushirikai ko su ke da 'ya'ya maza shi kuma mata, ya kira wannan rabon zalunci, sannan ya ce: ba komai ba ne su face sunaye da kuka raɗa, ku da iyayenku, Allah bai saukar da wata hujja a kansu ba. Ka lura, sunaye ya kira su. Babu wata Lata a sama, babu wata Atina. Dutsen an farfasa, zinariyar an narkar, abin da ya rage na wannan ƙarya shi ne sunan. Da mutanen Ɗa'ifa suka zo musulunta a shekara ta 9 bayan hijira, sun roƙi Annabi (SAW) ya bar musu Lata shekara uku kafin a rushe ta. Ya ƙi. Suka yi ta ragi kamar masu ciniki har suka sauko wata ɗaya, ya ƙi, ya tura Abu Sufyan da Mugira ɗan Shu'uba suka rushe ta.

Yanzu hukunci. Amana ce in gaya maka cewa babu wani hadisi da ya ce da lafazinsa kada a sa wa yaro sunan gunki. Abin da Ibn Hazm ya ruwaito ijma'i a kansa shi ne sunan da ya bautar da mutum ga wanin Allah, irin Abdul Uzza da Abdul Ka'aba, kuma Atina ba ta da “Abdu” a gabanta. Saboda haka ba na sa ta a matsayi ɗaya da waɗancan. Hanin an ciro shi ne daga yadda Annabi (SAW) ya yi da sunaye. Ya canza wa 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya zuwa Jamila. A kula, wannan Asiya ce mai ainun da sadun, ma'anarta mai saɓo, ba Asiya matar Fir'auna ba, kada wani ya je ya tayar wa ƙanwarsa hankali. Ya ce wa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri, ya koma Sahl, mai sauƙi. Tsohon ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba, Sa'idu kuma yana cewa tsaurin bai bar gidansu ba tun daga ranar. Idan sunan da aibinsa ɗan kaushin ma'ana ne kawai an nemi a sauke shi, ina ga sunan da aka yi shekaru aru-aru ana kira lokacin yanka da roƙo? Sannan sa suna karramawa ce. A hadisin Mugira da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce mutanen da suka gabata suna sa sunayen annabawansu da salihan cikinsu. Kai ma don me ka sa wa 'yarka sunan Hajiya, in ba don girmama ta da fatan yarinya ta biyo ta ba? Mun ce suna linzami. Wannan girmamawa ba ta dace da abin da aka kishiyantar da Allah da shi ba. A kan wannan ne malamai irin Shaikh Bakar Abu Zaid suka lissafa sunayen gumaka cikin sunayen da aka hana.

Mai karatu zai iya tare ni a nan, kuma yana da gaskiyar tarewa. Zai ce an bauta wa Annabi Isa da mahaifiyarsa, ga Isa da Maryam cike da gidajenmu. An bauta wa rana, ga Shamsu da Shamsiyya. Na'ila gunki ce a Makka tare da Isaf, amma matar Sayyidina Usman, wadda ta sa hannu ta kare shi ranar da aka kashe shi har aka sare mata yatsu, Na'ila sunanta, ba wanda ya ce ta canza. Haka ne. Shi ya sa ma, da girmamawa, ban bi Shaikh Bakar a kan Na'ila ba, domin ya sa ta a jerinsa. Ma'aunin da nake ganin ya fi daidai shi ne a tambaya: sunan yana da wata rayuwa tasa ban da gunkin? Isa annabi ne kafin a wuce iyaka a kansa. Rana halittar Allah ce da ya rantse da ita. Na'ila kalmar Larabci ce mai ma'ana, wadda ta samu abin da take nema, mata suna amsa ta, gunkin ne ya raɓu da ita. A gida ma muna da misali. 'Yan bori suna da Inna a cikin iskokinsu, amma ba malamin da ya hana ka kiran mahaifiyarka ko gwaggonka Inna, domin kalmar tamu ce tun kafin su ara. Tsumburbura fa? Ka taɓa jin Bakanon da ya sa wa 'yarsa Tsumburbura, ya ce ai tun da daɗewa aka bar hawa Dala don ita, kuma sunan yana da daɗin faɗa? Ko wanda bai yi karatu ba zai ce a'a, saboda sunan ba shi da kowa sai ita. Atina a wannan layin take. Nisan ƙasa da daɗin furuci ne suka sa ba mu ji nauyinta yadda muke jin na Tsumburbura ba.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ba don sunan ba na Larabci ba ne na hana. Mariya Baƙibɗiya, uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), da sunanta ta zo daga Masar, da shi ta rasu. Fairuz Ad-Dailami sahabi ne mai sunan Farisanci. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ su kansu ba daga Larabci suka fito ba. Masu cewa duk sunan da ba na Larabci ba haramun ne sun ƙuntata abin da Allah ya yalwata.

Wata ƙofar da za a iya nema ita ce ta birni. Babban birnin Girka Larabawa Atina suke ce masa, kuma da yawan masana suna ganin gunkin ne ya samo suna daga garin. To me zai hana a ce garin aka nufa, kamar yadda ake sa wa yarinya Madina? Su Girkawan sun raba. A bakinsu na yau, in garin ake nufi nauyin murya a gaɓar tsakiya yake sauka, in gunkin ko mace mai sunan ake nufi sai ya sauka a gaɓar ƙarshe, kamar yadda Bahaushe ba ya rikita garin da ake zama da garin da ake tuwo. Turawa ma rubutun garin daban, na gunkin daban, kuma na gunkin ne kuka ɗauko. Balle ma maiɗakinka ba gari ta ce tana so ba. Hikima ta ce, hikimar kuwa ta hanyar gunkin kaɗai ta shigo sunan.

Batun cewa an daina bautar, Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen soke raƙuma a wani wuri mai suna Buwana. Kafin Annabi (SAW) ya ba shi izini sai da ya tambaya ko a da akwai wani gunkin jahiliyya da ake bauta wa a wurin, ko wani idi nasu da ake yi. Da aka ce babu, sannan ya ce ya cika bakancensa. Abin da ya wuce ya tambaya, domin gurbin shirka ana nisantarsa ko bayan an share shi. Kuma maganar cewa ba mai bauta mata yanzu ba ta cika ba. A Girka akwai 'yan tsiraru da suka farfaɗo da bautar waɗannan gumaka, har aka amince da addininsu a hukumance a 2017.

Niyya kuwa ta yi muku aiki babba, ita ce ta raba ku da shirka. Amma niyya ba ta wanke lafazi. Sahabbai suna ce wa Annabi (SAW) “ra'ina” da kyakkyawar manufa, suna nufin ka saurara mana, sai Allah ya ce a Suratul Baƙara su bar ta su ce “unzurna”, saboda wasu suna karkatar da kalmar zuwa zagi. Zukatansu fari tas, duk da haka kalmar aka canza. Yarinyar nan kuma ba da niyyarku za ta yi yawo a duniya ba, da sunan za ta yi. Ranar da ta iya taɓa waya ta rubuta sunanta, mace mai kwalkwali da mashi za ta fara gani.

Sai hujjar da na fi jin mutane suna jingina da ita, wai ai ba sunan yanka ba ne. Ɗan'uwa, a ƙasar Hausa wane suna ne ke rayuwa, na yanka ko na kira? Na sha zama wurin ɗaurin aure a tambayi waliyyi sunan amarya na yanka, ya yi shiru yana susar ƙeya, sai an tura yaro cikin gida ya tambayo. Na yanka ana faɗarsa da safiyar suna, a ci goro, a ninke shi a ajiye. Na kiran shi ke shiga rajistar makaranta, shi ƙawaye suka sani, shi ake bugawa a katin biki. Shari'a ma ba ta bar laƙabi sakaka ba. Wani sahabi mai suna Hani'u ya zo Madina da jama'arsa, Annabi (SAW) ya ji suna kiransa Abul Hakam. Ya kira shi ya ce Allah shi ne Al-Hakam, gare shi hukunci yake, me ya sa ake kiranka haka? Ya ce in mutanena sun saɓa ni suke kawo wa, in raba su kowa ya yarda. Annabi (SAW) ya ce wannan abu ya yi kyau, sannan ya tambayi 'ya'yansa, ya ji babban shi ne Shuraihu, ya ce to kai ne Abu Shuraih. Sunansa na asali bai taɓa ba, alkunyar ya canza. Ka kuma dubi yadda ya yi: ya tambayi dalili, ya yaba abin yabo, ya ba shi madadi daga cikin gidansa.

Haka nake so ka yi da maiɗakinka. Malamai irin Ibnul Ƙayyim sun ce in iyaye sun saɓa a kan suna, haƙƙin uba ne, amma wannan ba wurin nuna iko ba ne, tunda da yardarka aka sa, kai ma ka ce ya yi maka daɗi. Ka ce “mun yi kuskure”, kada ka ce “kin yi”. Abin da ta nema wa 'yarta abu ne mai kyau, Allah ya ce wanda aka ba hikima an ba shi alheri mai yawa. Ka bar mata zaɓen sabon. Mahaifiyar Nana Maryam ce ta raɗa mata suna, Alƙur'ani ya hakaito. In hikima take so ga Hikima kanta, ga Hakima, kuma ba komai a kansa tunda Hakim ɗan Hizam sahabi ne bai canza ba. Ga Labiba, ga Rashida, ga Basira. In mace mai basira take so a yi wa takwara, ga Ummu Salama, wadda shawararta ta warware wa Musulmi damuwa ranar Hudaibiyya, ga Nana Asma'u 'yar Shehu da ta karantar da mata ta hanyar 'yan taru. In kuma kunnenta ya fi karkata ga na Girkancin, Sofiya ita ce kalmar hikimar ta gaskiya, kalma ce ta yau da kullum, ban ga dalilin haramta ta ba, ko da yake ni da za a bi son raina Safiyya zan ce, sunan Uwar Muminai da gwaggon Annabi (SAW). Sunaye biyu ne daban, kada a ɗauka ɗaya ne.

Canjin ba ya bukatar wani rago, ko taro, ko rabon goro. Annabi (SAW) da baki kawai yake canzawa. Ku fara kiran sabon, ku gaya wa 'yan'uwa, yarinyar wata huɗu ba ta san an yi ba. In an riga an rubuta a takardar haihuwa ko katin rigakafi, ku gyara yanzu da sauƙinsa, kafin ya bi ta zuwa takardun makaranta. 'Yan riguna da jakar da aka yi wa ɗinkin sunan ba najasa ba ne, a warware zaren ko a bar su su tsufa.

Wanda ke da abokiyar aiki ko maƙwabciya wadda ba Musulma ba mai wannan suna, ya kira ta da sunanta, babu laifi. Faɗar sunan da ya riga ya tabbata daban, ƙirƙirarsa daban. Annabi (SAW) ranar Hunaini ya ce shi ɗan Abdul Muɗɗalib ne, labari ya bayar. Da wannan ne muke cewa Janairu da Maris, alhali daga gumakan Rumawa Janus da Mars aka samo su, don kalanda ce muka tarar ana lissafi da ita, ba mu muka zauna muka zaɓa don ƙauna ba. Wadda kuma ta musulunta da sunan, musuluncinta ya inganta tun ranar da ta yi shahada. A nuna mata cikin hikima ta zaɓi wani, in gyaran fasfo da takardu zai yi mata wahala ta bar su yadda suke, ya isa a riƙa kiranta da sabon.

Saura Hajiya. Ka ce ta ji Atina ta ɗauka Atine, to kama da wane ba ta wane. Atine daga Litinin take, Litinin daga Al-Isnain na Larabci, ranar da Annabi (SAW) ya ce a cikinta aka haife shi, a cikinta aka fara saukar masa da wahayi, yana kuma azumtar ta. 'Yar'uwar Talatu ce da Laraba da Lami da Jummai da Asabe da Ladi, halal ce ba ko tantama. Na san 'yan matan yanzu suna ganin sunan mutanen karkara ne, wataƙila maiɗakinka ta yamutsa fuska in ka kawo shi. Ba dole sai ta karɓa ba, ta zaɓi nata. Amma Hajiya kada wanda ya gyara mata, a bar ta da Atinenta.

Wallahu a'alam.